Kwanaki ukun gwaji kafin saƙo ya isa ga mai saye

Shekara shida ke nan ina riƙe da ƙaramin kamfani a Kano, mu biyar ne har da ni, kuma aikinmu shi ne haɗa wa 'yan kasuwa da makarantun kuɗi tsarin da ke aika saƙonni da kansa: shaidar karɓar kuɗi, sanarwar cewa kaya sun tashi, tunin bashi, da amsar farko da mai saye yake samu idan ya yi magana ta WhatsApp. Haɗa tsarin ba ya cin fiye da mako guda. Inda muke yawan samun saɓani da masu ba mu aiki shi ne kwanaki ukun da nake warewa don gwaji, domin a ganinsu da zarar saƙo ya fita daga kwamfuta, aiki ya kammala.

A ofishinmu akwai wata durowa cike da wayoyi, yawancinsu ƙanana masu madannai, ɗauke da layukan MTN, Airtel, Glo da T2 (wanda a da ake kira 9mobile). Ba na amincewa da saƙo sai na karanta shi a kan irin wayar da ɗan tireda a ƙauye yake riƙewa. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka ɓ, ɗ ko ƙ, ko alamar naira, sai ya koma wani tsarin rubutu da ba ya wuce haruffa 70, don haka saƙon da aka yi lissafinsa ɗaya yakan zama uku, kuɗinsa ma ya ninka sau uku. A wasu tsofaffin wayoyi kuma haruffan nan sukan fito kamar ƙananan akwatuna. Dole mai kaya ya zaɓa tun kafin a fara: ko ya biya ƙarin kuɗi a rubuta Hausa daidai, ko a zaɓi kalmomin da ba za su rikita mai karatu ba idan aka cire lanƙwasa. Ni dai na fi son na farko, amma ba aljihuna ba ne.

Sai batun ka da ki, wanda manhajojin da aka ƙera da Turanci ba su san da zamansa ba. Rajistar abokan ciniki ba kasafai take nuna namiji ko mace ba, kuma suna shi kaɗai ba ya wadatarwa, tunda mata da yawa suna sayayya da layin maigida. Saboda haka muke rubuta komai da ku, wanda ya haɗa girmamawa da kauce wa kuskure. Muna kuma cusa gurɓatattun bayanai da gangan a rajistar gwaji: gurbin suna babu komai, lamba mai sifili a gaba da wadda ta fara da 234, da lambobin Jamhuriyar Nijar masu 227, saboda dilolin atamfa suna da masu saye daga Maradi da Damagaram. Akwai kuma layi guda da muka rufe da lambar 2442, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta fito da ita a 2016 don toshe saƙonnin talla, domin mu tabbatar cewa shaidar biyan kuɗi tana isa ko da mutum ya toshe talla.

A WhatsApp ƙa'idar kamfanin Meta ita ce, idan awa 24 ta wuce daga saƙon ƙarshe na mai saye, ba a iya tura masa komai sai rubutaccen saƙon da aka riga aka amince da shi. Wannan ne ya sa gwajinmu ba ya yiwuwa a yini ɗaya. Nakan kuma sa ma'aikatana su yi abin da mutane suke yi da gaske, wato idan na'ura ta ce a danna 1 ko 2, su aika saƙon murya, ko su fara da sallama da tambayar iyali, mu ga ko tsarin zai miƙa su ga mutum ko zai yi ta maimaita musu magana ɗaya.

Gwajin da na fi tsanantawa a kansa na koye shi ne da kunya. A shekararmu ta biyu mun haɗa wa wani dila a Kantin Kwari tunin bashi, tsarin yana tattara sunayen masu bashi da dare ya aika da la'asar. Wani dattijo da ya shekara ashirin yana hulɗa da shagon ya biya da safe, da la'asar kuma saƙo ya same shi yana neman ya biya. Dilan ya kira ni ya ce: "Malam, mutumin nan tun zamanin mahaifina yake saye a wurinmu, yanzu da wane ido zan dube shi?" Laifin namu ne, domin mun gwada fitar saƙo, ba mu gwada abin da zai faru idan lissafi ya canza kafin ya fita ba. Washegari na raka shi har masaukin dattijon muka ba da haƙuri.

Tun daga lokacin, tsarin yana sake duba lissafi a daidai lokacin aikawa, kuma a rana ta uku muna sakin saƙonnin ne ga mutum ashirin kacal, waɗanda mai shagon ya zaɓa ya kuma sanar da su tukuna. Kafin mu buɗe wa sauran, ina zaunar da shi ko yaron shagonsa in nuna masa inda ake tsayar da komai, sannan in sa ya tsayar da hannunsa sau biyu a gabana.