Ƙararrawar ƙarfe uku na dare: kaptar ɗin suga tsakanin Faransa da Damagaram

Mai ciwon suga da ya baro Damagaram ya zo zama Faransa, kafin a sauya masa magani, awo ake fara sauya masa. A gida mun saba da huda yatsa da safe kafin karin kumallo. Wani ma sai ranar da ya je babban asibiti ko farmasin unguwa ake auna shi, a rubuta masa 1,40 ko 2,10 a ɗan karnensa, wato littafin awonsa, shi ke nan sai wani watan. A nan kuwa, muddin kana yi wa kanka allurar insulin sau da yawa a yini, likitan suga zai rubuta maka wata 'yar na'ura mai faɗin kuɗin ƙarfe na yuro biyu, a manna ta a bayan damtse ta riƙa awon suga dare da rana tana tura lambar zuwa waya. Kaptar muke ce mata, yadda muka ji a bakin Faransawa. Wadda aka fi gani ita ce FreeStyle Libre, da inshorar lafiya ta ƙasar ta fara biya tun 1 ga Yuni 2017, sai kuma Dexcom. Takardun da ke gabanta su ne na kowane baƙo: zama bisa ƙa'ida, katin inshorar lafiya da ake kira Vitale, sannan likitan da ka zaɓa ya nema maka shiga sahun masu doguwar jinya, abin da suke kira ALD, don kada kuɗin jinyar suga ya fito daga aljihunka.

A fara da lamba, don nan ake soma ruɗewa. Kaptar a Faransa tana nuna 58, ko 140, ko 250. Lissafin gida ne, waƙafi kawai aka cire: 58 ita ce 0,58, 140 kuma 1,40. Ɗan uwan da ke Ingila zai ce maka nasa 7,8 ne, don ma'auninsu daban ne. Ka ninka da 18, ya zama 140. Ƙasa da 70 suga ya faɗi. Ƙasa da 54 faɗuwar ta yi tsanani.

Da rana na'urar ba ta cika ba da wahala ba. Dare ne ke hana sabon zuwa barci. Ƙarfe uku waya ta ɗauki ƙara, allo ya nuna 58 da kibiya tana kallon ƙasa. Mutum ya zabura, uwargida ta nufi madafa, a jefa suga a ruwa a ba shi, a ƙara masa dabino da biskit don tsoro. Alhali babu zufa a jikinsa, hannunsa ba ya rawa, zuciyarsa ba ta bugu. Da asuba a duba, 260. Dare biyu, dare uku a haka, sai gida ya rabu biyu: wani ya ce na'urar Nasara ƙarya take yi a kashe ƙararrawar, wani ya ce a rage insulin ɗin dare. Dukansu biyu hanyar haɗari ce.

Abin da ya kamata a gane shi ne kaptar ba jini take aunawa ba. Ƙarƙashin faifan nan akwai wani siririn zare, kimanin milimita biyar, da ke zaune cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama a ƙarƙashin fata. Suga yana fitowa daga ƙananan jijiyoyin jini ya shiga wannan ruwa, a nan zaren yake tarar da shi. To idan mutum ya kwanta a kan damtsen, nauyin jikinsa ya danne wurin, jinin da ke zagawa a nan ya ragu. Naman da ke kewaye da zaren ya ci gaba da cin sugan da ke wurin, sabo bai iso ba. Sai na'urar ta faɗi abin da ta gani a wannan ɗan wuri da aka matse, wanda ba shi ne halin sauran jiki ba.

Mu wannan ya fi shafarmu, saboda tun muna yara aka koya mana kwanciya a gefen dama, tafin hannu ƙarƙashin kunci, bisa sunna. Ma'aikaciyar jinyar da ke koya maka mannawa ba ta san da haka ba, za ta tambaye ka da wane hannu kake rubutu ne kawai, in ma ta tambaya. Kai za ka gaya mata a wane gefe kake barci. Mai kwanciya a dama, damtsen hagu ya fi masa. Da yake ba a maimaita wuri ɗaya, sai ka riƙa gusawa sama ko ƙasa kaɗan a duk sauyi. Ran da ta kama a sa a dama, a manna ta can baya sosai inda nama ya fi laushi, nesa da gefen waje da ke taɓa katifa, a kuma jingina matashi a baya ko a rungume shi don kada a mirgina kanta. Rigar sanyi mai matse hannu da ake kwana da ita a hunturun nan ma tana iya danne ta, haka ɗaurin da wasu ke naɗawa don kada ta ɓalle.

Faɗuwar ƙarya tana da kama, kuma wanda ya gan ta sau biyu zai riƙa shaida ta. Layin da ke allo yana tafiya a miƙe wajen 120, sai kwatsam ya zurma ƙasa kamar an jefa guga a rijiya, cikin minti goma ko sha biyar. Ya ɗan zauna a can, sannan da mutum ya juya ya hau tsaye ya koma inda ya baro, ba tare da an ci komai ba. Faɗuwar gaske yawanci gangara take yi a hankali, awa ɗaya ko biyu tana sauka, kuma ba ta tashi don an sauya kwanciya. Sai dai wannan karatu na safe ne, bayan layin ya cika. A tsakiyar dare rabinsa kawai kake gani, don haka ba a yanke hukunci da ido.

Ga yadda ake yi in ta yi ƙara. Ka tashi zaune ka sauke nauyi daga hannun. Ka saurari jikinka: zufa mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa, ko rigar barci ta jiƙe. In akwai ɗaya daga ciki, ka sha suga nan take, awo ya biyo baya. In babu, ka huda yatsa. Shi ya sa na'urar yatsa da bandeletinta, 'yan tsinken da ake ɗiga wa jini, a gefen gado suke kwana, ba a jakar da ke falo ba, kuma kada wanda ya yar da tasa don an ba shi kaptar. A wanke hannu da sabulu a goge shi ya bushe, domin yatsan da ya taɓa dabino ko lemo yana ba da lamba mai yawa ta banza. In hannun ya yi sanyi, ruwan ɗumi zai sa jini ya fito ba sai an matsa ba. Yatsa ya nuna ƙasa da 70: giram 15 na suga, wato ƙwaya uku na sugan kwali, ko rabin babban kofi na lemon kwalba mai suga, ko cokali babba na zuma. A jira minti 15, a sake huda yatsa. Kada a bi lambar kaptar a wannan lokaci, don tana bin bayan jini da minti biyar zuwa sha biyar. Za ta ci gaba da nuna ƙasa bayan jinin ya tashi, kuma nan ne mutane ke ƙara shan suga har ya wuce gona da iri. Yatsa ya nuna 110 kuwa, ka juya ɗaya gefen ka koma barci, za ka ga layin ya dawo da kansa. Idan babu na'urar yatsa a kusa kuma kana shakka, ka sha sugan. Hawan suga na dare ɗaya ana gyara shi da safe.

Wanda aka tarar ba ya amsa kira, ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe, a yi masa glukagon, maganin gaggawa mai ɗaga suga, in likita ya rubuta, na allura ko na shaƙa a hanci, a kira lambar gaggawa ta Faransa, 15 ko 112. Iyali su san inda maganin yake tun kafin ranar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutumin da ya koyi kalmar "ai dannewa ce" ya mai da ita amsar kowace ƙararrawa. Sabon zuwa yana cikin waɗanda sugansu ke faɗuwa da gaske cikin dare. A Damagaram kabu-kabu ke kai shi ƙofar gida. A nan tafiyar ƙafa ce zuwa tashar jirgi, hawa bene huɗu, aikin ɗaukar kaya ko tsayuwar awa takwas. Tsokar da ta yi aiki da rana tana ci gaba da jan suga har cikin dare. Tuwon da aka lissafa insulin a kansa a gida kuma ya koma ɗan burodi da miya. Ga azumin da ke tsawo in ya faɗo a bazarar Turai, ga tsayuwar asham. Wanda ya daɗe da ciwon kuma jikinsa na iya daina ba shi alama sam. Irin wannan mutum, ƙararrawar ce kaɗai mai tashe shi.

Akwai sauran abubuwan da ke karkatar da awo. Yinin farko na sabuwar kaptar shi ne mafi rauni, kafin nama ya saba da zaren. Libre tana ɗaukar minti 60 kafin ta fara ba da lamba, ta yi kwana 14 ko 15, gwargwadon iri. Dexcom G7 minti 30, ta yi kwana 10. A manna ta da safe, don sa'o'in farko su wuce idonka biyu. Man da muke shafawa saboda bushewar fata, man kaɗe ko basilin, yana hana gam kamawa, faifan ya riƙa motsi, zaren ya goce. A wanke wurin da sabulu marar mai, a goge da alkol, a bari ya bushe sarai. Ƙarancin ruwa a jiki ma na taɓa awo, ga shi ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama yana busar da mutum bai sani ba. Dexcom tana karɓar gyara da lambar yatsa, amma ba a yin gyaran lokacin da aka danne ta ko kibiya na gudu, sai layi ya kwanta. Libre ba ta karɓar gyara. In yatsa da kaptar sun yi ta saɓawa da fiye da kashi 20 cikin ɗari, ka kira lambar da ke jikin kwalin, ka ajiye kwalin saboda lambar rukuninsa.

Magani kuwa ƙaryarsa sama take yi, wadda ta fi muni, don tana ɓoye faɗuwa. Ƙwayar bitamin C mai narkewa a ruwa da kowa ke sha da sanyi tana kai miligiram 1000, kamfanin Libre 2 kuma ya yi gargaɗi a kan fiye da 500 a yini. Dexcom ta yi gargaɗi a kan hidroksiyuriya, maganin da ake ba masu sikila, da kuma farasitamol in ya wuce giram ɗaya a kowace awa shida. Sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. A faɗa wa likitan suga tun ganin farko.

Hawan da ake gani daga wajen ƙarfe huɗu zuwa hantsi, ko da ba a ci komai ba, na gaske ne: jiki ne ke sakin sinadaran da ke shirya shi tashi, hanta ta zuba suga. Haka abincin dare mai maiƙo yana iya jinkirta hawa har tsakar dare.

Da yawanmu muna saya wa iyaye kaptar mu aika gida, a haɗa ta da wayarmu ta manhajar LibreLinkUp ko Dexcom Follow don mu riƙa ganin awon daga nesa. Sai ɗa a Liyon ta Faransa ya ga 55 ƙarfe uku, ya buga wa ƙaninsa a unguwar Birni ta Damagaram: "Tashi maza ka duba Baba, ka ba shi suga." Baba kuwa yana kwance a tsakar gida kan tabarma saboda zafi, damtsensa a kan daɓe. Ƙasa mai tauri ta fi katifa danne kaptar. Abin da ya dace ɗan ya ce shi ne: "Ka tashe shi, ka ga ko yana magana daidai, ka huda masa yatsa." Don haka duk mai aika kaptar ya haɗa da na'urar yatsa da bandeleti, ya koya wa mutum ɗaya a gidan. Ya kuma tuna cewa wayar da ke karɓar awo sai tana kusa da mai barci, kimanin mita shida, ba a shagon caji ba. In ta yi nisa ko ta mutu, babu ƙararrawa.

Zafin Damagaram shi ma abin lissafi ne. Takardun kaptar na cewa a ajiye ta a wurin da bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon iri, alhali a Afrilu da Mayu garin yana haura 40. Kwalin da ya yini a bayan mota daga Yamai, ko ya yi wata a ɗaki mai rufin kwano, ba abin dogaro ba ne. A ajiye a firigo, a ƙasa wajen kayan miya, nesa da ƙanƙara, don daskarewa ma na lalata ta. Inda babu firigo, a rufe kwalin cikin roba mai murfi a ajiye gindin randa. Kafin a saya da yawa kuma a gwada guda ɗaya, domin kaptar da aka saya a wata ƙasa ba lalle ta yi aiki da manhajar da aka sauke da rajistar wata ƙasar ba. Aika ta tare da na'urar karatunta ya fi sauƙi.

Wannan na'urar karatu agogonta da hannu ake gyarawa. Lokacin hunturu Faransa da Nijar agogonsu ɗaya ne, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa Faransa na gaba da awa guda. In ba a gyara ba, faɗuwar ƙarfe biyu za ta fito a ƙarfe uku a takardar da likita zai karanta. Likitan kuma layi kawai yake gani, bai san a wane gefe aka kwanta ba. Duk daren da ƙararrawa ta yi, a rubuta a karne: lokaci, lambar kaptar, lambar yatsa, gefen da aka kwanta, abin da aka ci da dare, da ko an sha suga. Da wannan karne ake shiga wurinsa kafin a taɓa adadin insulin ɗin dare.