Hirarrakina da 'yan wasan jami'a da masu horar da su

Aikin da aka ba ni a shirin wasanni na gidan rediyon jami'armu ba shi da wuyar faɗa: duk mako in samo ɗan wasa ko koci, in zauna da shi, ya ba masu sauraro labarin yadda kakar wasanninsu ke tafiya. Ina aji uku a sashen koyon aikin jarida a lokacin, kayan aikina kuwa wayar hannu ce da littafin rubutu. Na fara ne a shekarar 2021, makarantu ba su daɗe da buɗewa ba bayan kullen korona da dogon yajin aikin da malaman jami'o'i suka yi a 2020.

Abin da na fara ganewa shi ne, hirar bakin fili bayan an tashi wasa ba ta da wani amfani. Ɗan wasa yana haki, gumi na zuba, duk abin da ka tambaye shi amsa ɗaya ce: mun yi ƙoƙari, Allah Ya nufa haka, za mu gyara a wasa na gaba. Koci ma haka, sai dai shi ya ƙara da ƙorafi kan alƙalin wasa. Sai na koma ina samunsu washegari, a teburin mai shayi ko a gindin bishiya kafin atisayen yamma. A nan ne bakinsu ke buɗewa.

Da bakin ya buɗe kuma, sai na tarar kakar ɗan wasan jami'a ba ita ce wadda ke rubuce a jadawalin wasanni ba. Ƙwararren ɗan ƙwallo ya san watan da za a fara da watan da za a rufe. Ɗalibi kuwa kakarsa tana hannun kalandar karatu. Idan gasa ta faɗo a makon jarrabawa, dole ɗaya ta ci ɗaya. Wani mai tsaron gida ya ba ni labarin yadda ya riƙa bitar darasi a cikin bas a hanyar dawowa daga wasan waje, suka iso da asuba, ƙarfe takwas yana ɗakin jarrabawa. Wasu malaman sukan ɗaga wa 'yan wasa ƙafa idan ofishin wasanni ya rubuto takarda, wasu kuwa su ce iyayenka ba ƙwallo suka turo ka bugawa ba. Duk ɗan wasan da na zanta da shi ya san wanda ya maimaita kwas saboda tafiyar gasa, ko da ba shi ba ne.

Babbar gasar da kowa ke hanƙoro ita ce NUGA, wasannin jami'o'in Najeriya, wadda aka fara a Jami'ar Ibadan a 1966. A ƙa'ida duk bayan shekara biyu ya kamata a yi ta, amma bayan wadda aka yi a Makurdi a 2017, sai a watan Maris na 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Shekara biyar ke nan. Digiri na shekara huɗu ne a yawancin fannoni, wato akwai ɗaliban da suka shiga jami'a, suka yi ta atisaye safe da yamma, suka kammala ba su taɓa taka filin NUGA ba. Wani kocin guje-guje ya ce mini wannan ne ya fi ci masa rai a aikinsa: ka raini yaro har ya kai ganiyarsa, sai gasa ta zo bayan ya tafi hidimar ƙasa.

Ita ma ta Legas ɗin ta zo ne a tsakiyar wani yajin aikin, wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun zama wayam, 'yan wasa sun watse garuruwansu, sai koci ya riƙa bin su a waya ɗaya bayan ɗaya yana kiran su sansani. A watannin nan hirarrakina ma ta waya na riƙa yin su. Wani yana taya mahaifinsa zaman shago, wani ya koma gona, wata 'yar ƙwallon raga ta ce ba ta taɓa ƙwallo ba tun da ta koma gida, don babu filin da za ta shiga a unguwarsu ba a yi ta kallonta ba.

Gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, wadda aka fara a 2018, ta ɗan sauya lissafi, domin ita tana da tsarin wasan gida da na waje, kuma ƙungiyoyi suna da sunaye irin na kulob: BUK Stallions, ABU Nobles, UNIMAID Desert Warriors. Da 'yan Maiduguri suka ɗauki kofin a 2021, kusan duk wanda na yi hira da shi sai ya kawo zancensu, har waɗanda ba ƙwallon ƙafa suke yi ba. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500 a mota, kuma duk ɗan wasan Arewa ya san yadda doguwar tafiya ke sandarar da ƙafa kafin a shiga fili.

Hira da koci salonta daban. Ba ka fara masa da wasan da aka ci su. Ka gaishe shi sosai, ka kira shi Koci ko Malam yadda yaransa ke kiransa, ka tambaye shi shekarar da ya fara aikin, ka bari ya ba ka tarihi. Daga nan shi da kansa zai gangaro kan matsalolin: ƙwallayen da suka tsufa, alawus ɗin sansani da ke makara, yaron da ya yi targaɗe aka kai shi wurin mai ɗori saboda ya fi sauƙin kuɗi. Kuma ba na haɗa koci da ɗan wasansa a zama ɗaya. Muddin koci yana wurin, yaro ba zai wuce "haka ne, Koci" ba.

Wanda ke zaman benci ya fi kyaftin sanin abin da ke faruwa a ƙungiya, ko kuma ya fi shi yarda ya faɗa. Kyaftin yana tauna magana saboda muƙaminsa. Na benci kuwa ya ga komai daga gefe, ya san wa ya yi faɗa da wa a bas, ya san ranar da aka buga wasa da yunwa. Sai dai ba duk abin da ya faɗa ake sakawa a iska ba. Nakan maimaita masa maganarsa kafin mu rabu, in tambaye shi ko ya yarda a ji ta da muryarsa, domin shi zai koma atisaye gobe a gaban mutumin da ya yi zancensa.

Da 'yan mata, nakan nemi wata abokiyar aikina ta zauna tare da mu, hirar kuma a yi ta a fili inda kowa ke gani. Wasu sun roƙi kada a ambaci sunansu, don a gida ba a san suna wasa ba. Wata kuwa cewa ta yi mahaifinta ne ya sayo mata takalmin gudu na farko, kuma ta fi so a faɗi hakan a rediyo ya ji.

Akwai tambayar da na riƙa ajiyewa sai ƙarshe: bayan digiri fa? 'Yan guje-guje sukan kawo sunan Tobi Amusan, wadda ta yi karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso a Amurka, ta kuma kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a watan Yulin 2022. 'Yan ƙwallon kwando kuwa Hakeem Olajuwon suke ambata, da tafiyarsa Jami'ar Houston, ko Masai Ujiri, tsohon shugaban kulob ɗin Toronto Raptors, da ya tashi a Zariya. A Amurka jami'a takan ɗauki nauyin karatun ɗalibi saboda wasansa. Amma mafi yawan waɗanda na zanta da su ba su sa ran haka ba, kuma ba su ɓoye ba. Burinsu su kammala da sakamako mai kyau, su samu aiki, wasu a hukumomin kayan sarki irin su kwastam da 'yan sanda da ke riƙe da ƙungiyoyin wasanni nasu. Ɗaya daga cikinsu, mai karanta lissafin kuɗi, ya ce shi dai a ba shi takardar shaidar ya wakilci jami'a, ya liƙa ta a bayan takardar neman aiki.