Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Shekarar da Yayansu Ya Shiga Aji Goma

Makon jiya na tsaya a kan Babbar Sallar 2017, wadda ta faɗo ranar Juma'a ɗaya ga Satumba. Mun aika kuɗin rago Kano an yanka mana, mu kuma nan Bronx, a birnin Niyu Yok, muka yi sallarmu da naman da Malam ya sayo a shagon wani ɗan Yaman. Yau zan shiga maganar da na daɗe ina kewaye ta, maganar babban ɗana.

Wasu sun tambaye ni me ya sa tun da na fara wannan tarihi ban taɓa rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, har yau ban taɓa jin Hajiyarmu ta kira sunan babban yayanmu ba. Ni ma ana yaye nawa Hajiya ta ɗauke shi, a hannunta ya girma a Fagge, har na biyo Malam Amurka na bar shi can. Sai 2013 takardunsa suka fito, ya iso mana yana da shekara sha ɗaya. Anti yake ce mini, don haka ya ji ƙannena suna kirana. Ni kuwa in zan yi maganarsa sai in ce wa ƙananan "Yayanku", in kuma da shi nake sai in ce "kai".

Makarantun gwamnati na Niyu Yok sai bayan hutun ranar ma'aikata suke buɗewa, a farkon Satumba. A waccan shekarar ranar Alhamis ce, bakwai ga wata. Ana saura kwana uku muka fita titin Fordham sayayya, ni da yaran gaba ɗaya. Ƙananan na tsaya na zaɓar musu komai da hannuna, jaka, safa, fensir, har da gorar ruwa. Shi kuwa kuɗi na miƙa masa na ce ya je ya sayi abin da yake so, mu haɗu a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya karɓa ya tsaya jim, kamar akwai magana a bakinsa, sai ya juya ya tafi. A lokacin na ɗauka girma ne na ba shi.

Sakandaren nan shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu, kuma kowace shekara da sunanta. Ɗan aji goma sofomo ake ce masa, daidai yake da ɗan SS1 a gida. Na ji shi yana faɗa wa ƙanwarsa cewa yanzu ya daina zama ɗan sabo, akwai waɗanda ke ƙasa da shi. Ranar farko na raka ƙananan har ƙofar ajinsu, shi ya fita tun ƙarfe bakwai da katin shiga jirgi da bas na ɗalibai, wanda a lokacin yake ba su hawa uku kyauta a ranar makaranta. A makon ne ma aka sanar cewa abincin rana ya zama kyauta ga kowane ɗalibi a makarantun birnin, muka yi ta hamdala. Ya dawo da yamma na ce, "Kai, lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya lau, Anti." Ya ajiye takardar jadawalin darussansa a kan teburin kicin, ta kwana biyu a wurin, ina ɗaga ta in goge tebur in mayar.

Ranar Asabar na kai yara Islamiyya a masallacinmu. Akwai wata baiwar Allah, Bahaushiyar Zangon Kumasi, da ɗanta yake aji ɗaya da nawa. Ta fi ni daɗewa a ƙasar nan da kusan shekara goma, manyan 'ya'yanta biyu sun riga sun gama. Muna zaune a sashen mata tana ta ƙorafin tsadar kayan lissafin da aka ce ɗanta ya saya don darasin jiyometiri, sai ta ce, "Naki ma ai an ce ya saya ko?" Na ce ban ji ya faɗa ba, amma na ga an rubuta aljabara a takardarsa. Ta dube ni ta yi shiru. Can ta ce, "'Yar uwa, aljabara ai ta bara ce. In an sake ba shi ita, to bai wuce ba ne."

Ita ta zaunar da ni ta warware mini abin da shekara guda ban sani ba. Mu a gida mun saba yaro ya yi ta tafiya har SS3, sannan WAEC da NECO su raba gardama. Nan ba haka ba ne. Kowane darasi da yaro ya ci a zango ɗaya, an rubuta masa kiredit ɗaya, kuma sai ya tara 44 kafin a ba shi takardar gama sakandare a birnin nan. Ga kuma jarrabawar jiha da ake kira Regents, sai ya ci guda biyar, kowacce da maki 65 zuwa sama. Ta ce sakamakon aji tara ma yana nan a ajiye, jami'o'i za su gan shi in lokaci ya yi. Na fito daga masallacin ban san yadda na kai gida ba.

Da dare, bayan ƙananan sun yi barci, kafin Malam ya fita aikin tasi, muka kira shi. Malam ya ce ya kawo duk wata takarda da makaranta ta ba shi tun watan Yuni. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Ya fito da ambulan biyu da suka kwanta a ƙasan katifa har sun lanƙwashe. Ɗaya sakamako ne: ya faɗi aljabara a zango na biyu, ya faɗi wani darasin kimiyya, a Regents ɗin aljabara kuma 58 ya samu. Ɗayar wasiƙa ce da ke cewa ya halarci karatun hutun bazara. Duk watan Yuli da Agusta da yake fita da safe yana cewa ƙwallo za shi, ƙwallon kuwa yake zuwa. Makarantar bazarar ko sau ɗaya bai leƙa ba, har damar sake jarrabawa ta Agusta ta wuce.

Ban taɓa ganin ran Malam ya ɓaci irin na ranar ba. Hannunsa har rawa yake. Amma duk uban da ke ƙasar nan ya san in ka ɗaga hannu yaro ya je makaranta da shati, gobe hukumar kare yara za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ya cusa hannuwansa a aljihu ya ce, "Ina kwana a titi saboda ku, kai kuma kana ɓoye mini takarda. Shi ke nan. Kano za ka koma, in sa ka makarantar kwana." Ba barazana ce kawai ba. Mun san gidaje da yawa a unguwar nan, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da 'yan Gambiya, da suka mayar da yara gida a daidai wannan shekarun. Wasu sun dawo sun shiryu, wasu sun dawo da ƙullin da har yau bai warware ba.

Malam ya ɗauki makullin mota ya fita. Aka bar ni da shi a kicin, yana tsaye jikin firij, kansa a ƙasa. Na ce, "Kai, me ya hana ka faɗa?" Ya yi shiru har na fid da rai. Sai ya ce, a hankali, da Hausarsa ta Fagge da ba ta canza ba, "Anti, ai ba ki taɓa tambayata ba. Su kina duba jakarsu kullum."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Taron iyaye da malamai na ƙananan ban taɓa fashi ba, ko da zan roƙi wata ta riƙe mini aiki. Nasa kuwa na bar wa Malam, Malam kuma lokacin da ake taron yana barcin gajiya ko yana kan hanya. Shekara guda ba wanda ya taka makarantar yaron nan a cikinmu. Ni a zuciyata kunya nake yi, irin wadda aka koya mini, cewa uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Shi kuma abin da ya gani shi ne an damu da ƙannensa, shi an bar shi. Daren nan ban runtsa ba. Ina kwance ina tuno ranar da ya sauka a filin jirgi, ya nufo ni da gudu, na kauce na bar Malam ya rungume shi.

Da asuba na kira Hajiya ta WhatsApp, can rana ta riga ta ɗaga. Na yi zaton za ta ce a dawo mata da mijinta, don haka take kiransa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke, saurara. Lokacin da na kau da kai daga yayanku, akwai kakarsa a gidan, akwai abokiyar zamana, akwai baffanninsa huɗu. Idona na kawar, idanu goma na kansa. Can in kin kau da kai, wa kika bar wa?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To tashi ki je makarantar."

Ranar Talata na nemi izinin rabin yini daga aikin kula da tsohuwar da nake yi, ba biya. Muka tafi tare, karo na farko da na hau jirgin da yake hawa kullum. Ashe tafiyar ta kai minti arba'in da canjin bas. Ginin katafare ne, makarantu da dama a cikinsa, kowacce da benenta. A ƙofa akwai na'urar bincike irin ta filin jirgi, yara sun yi layi suna cire bel suna ɗora jaka. Na tsaya ina kallon yadda ya cire nasa ba tare da ya duba ba, alamar ya saba, ni kuwa ban taɓa sanin da haka yake fara kowace safiya ba.

Mai gadin ta karɓi katin shaidata ta ce wane ɗalibi na zo wa. Na sha rubuta sunan nan a fom, na sha nuna shi da yatsa a ofisoshi. Amma in furta shi da bakina, yana tsaye a gefena, ban taɓa ba. Na ji harshena ya yi nauyi. Matar tana jira da biro a hannu, layi na bayana. Na faɗa. Ta ce ba ta ji ba, na sake faɗa da ƙarfi. Ban kalle shi ba, amma na ji ya gyara tsayuwa.

Malamar ba da shawara matashiya ce, ofishinta ƙarami, yara sama da ɗari biyu ta ce suna hannunta. Ta buɗe kwamfuta ta juyo mana da fuskarta. Kiredit tara ya samu a bara. Takwas ake buƙata a wuce zuwa aji goma, shi ya sa aka wuce da shi, mu kuma muka ɗauka komai lafiya. Amma kafin ya shiga aji sha ɗaya sai ya kai ashirin, ke nan bana ba shi da damar faɗuwa ko darasi ɗaya. Ta ce akwai zaman Regents a watan Janairu, zai iya sake aljabara a nan, don kada ta haɗe masa da ta tarihin duniya da 'yan aji goma ke yi a Yuni. Ta ce ta ga yara da yawa da wannan shekarar ta kayar, saboda ɗan aji tara kowa na lallaɓa shi, 'yan manyan aji ana ta maganar jami'a da su, na tsakiya ne ake mantawa.

Sai ta tambaye ni abin da ya fi duk lissafin nan yi mini wuya. Ta ce in gaya mata wane irin yaro ne, me yake so, me yake tsoro. Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na san yana son ƙwallo, na san ba ya wasa da sallah, na san ba ya cin miyar kuɓewa. Daga nan babu. Shi ya karɓe ni. Ya ce mata lissafin ba shi ne matsalar ba, a Kano shi ne na ɗaya a lissafi. Tambayoyin ne suke zuwa da dogon Turanci, kafin ya gane abin da ake nema lokaci ya ƙare, kuma yana jin nauyin ɗaga hannu don yara suna kwaikwayon yadda yake magana. Shekara huɗu yana ɗauke da wannan a gidana.

Muka fito da tsari a rubuce. Ƙarin darasi bayan tashi sau biyu a mako, da na safiyar Asabar. Asabar ɗin ta ci karo da Islamiyya, sai da na je da kaina wurin malaminsu na yi masa bayani, ya yarda ya riƙa karɓar haddarsa ranar Lahadi bayan azahar. Malamar ta kuma buɗe mini asusun iyaye na intanet, ta nuna mini a wayata inda zan riƙa ganin makinsa da ranakun da ya yi latti.

Daga wannan makon, ƙarfe tara na dare in na kwantar da ƙananan, sai in dawo kicin in zauna a kujerar da ke fuskantar tasa. Ban san aljabara ba. Abin da nake yi shi ne in sa ya karanta tambayar da ƙarfi, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da ake nema. Sau da yawa kafin ya gama fassarawa sai in ga ya ja biro ya fara rubutu. Daren farko duk a takure muke, ni ina tsinke alayyahu don in sami abin yi da hannuna, shi yana satar kallona. A dare na huɗu ne ya tura mini littafin ya ce, "Anti, duba wannan, na ci."

Malam dai bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce ya ba mu zuwa Janairu, in sakamako bai yi kyau ba tikitin Kano yana nan. Har ya riga ya kira ƙaninsa ya ce ya fara tambayar kuɗin makarantun kwana. Abin da ya faru a watan Nuwamba, ranar da na ja Malam da kansa zuwa taron iyaye bai yi barci ba, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.