Wai taya mai araha tana kisa? Ga abin da na gani a Sharon ɗina

Musun da ba ya ƙarewa a tasharmu shi ne na taya. Wani ya ce shi in ba Michelin ko Bridgestone ba gara ya ajiye motar, wani ya ce duk roba ce suna kawai ake sayar mana, wani kuma ya ce ai komai ƙaddara ce ko wacce ka saka in kwana ya ƙare ya ƙare. Ni Sharon nake ja, motar haya ƙirar Volkswagen, daga ƙauyenmu a yankin Ringim, ranar Lahadi kasuwar Gujungu, Alhamis ta Maigatari, sauran ranaku in shiga Kano da fasinja da ɗan kaya in dawo. Na ja tayoyin manyan kamfanoni, na ja na China sababbi, na kuma ja 'yan kwatano, wato tsofaffin da aka yi amfani da su a waje, lokacin da nake wa wani Alhaji aiki yana karɓar balas, don haka abin da zan faɗa abin da na taka ne da ƙafar mota.

Da farko dai a san cewa duk tayar motar da kake gani a kasuwa kusan daga waje take zuwa. Da can ana yin Michelin a Fatakwal, ana yin Dunlop a Ikeja, Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta biyo baya a 2008. Tun daga nan sai abin da kwantena ta kawo. Shi ya sa dattawan direbobi in suna yabon tayar da, wani lokacin ba irin wadda ke shago yau suke nufi ba. Yanzu kasuwar ta kasu, akwai manya irin su Michelin ta Faransa, Bridgestone ta Japan, Continental ta Jamus, Pirelli ta Italiya, Goodyear ta Amurka. Akwai na tsakiya irin su Hankook da Kumho na Koriya da Maxxis ta Taiwan. Sai na China, su Linglong, Triangle, Westlake, Sailun, da wasu sunaye barkatai da yau ka gan su gobe babu.

Gaskiya tsakani da Allah manyan sun fi. Ba zan yaudari kowa ba. Lokacin da na samu hali na saka manya guda huɗu sababbi, abin da na fara ji shi ne motar ta yi shiru, gunjin nan da ke tasowa daga ƙasa in ka hau kwalta ya ragu sosai, sitiyari ya zauna a hannu. Amma inda na fi ganin bambancin shi ne da damina. In an yi ruwa kwalta ta jiƙe, tinkiya ta faɗo maka daga gefen titi ka take birki, babbar taya tana damƙar ƙasa nan take, ita kuwa mai arahar sai ka ji ta ɗan ja ka gaba kafin ta kama, kuma wannan ɗan jan da kake rainawa shi ne tsakaninka da bayan tirela. Sannan sun fi daɗewa, zanensu ba ya saurin cinyewa. Matsalar dai kuɗi, abin da za ka sayi babba guda ɗaya da shi yakan kusa saya maka biyu na China, mu kuma da muke lissafin mai da kamasho da kuɗin cefane a rana ɗaya ba kullum ake iyawa ba.

To anan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Mutum yana son babban suna ba shi da kuɗin sabuwa, sai ya tafi wajen masu 'yan kwatano a ba shi mai babban suna da ta gama rayuwarta a Turai. Alhajin da na yi wa aiki haka yake, ba ya sayen sabuwa sam, ya ce min "kai yaro ne, duba zanen nan, ko rabi ba a ci ba". Kuma da gaske zanen yana nan, an goge ta da baƙin mai tana ƙyalli. Wata rana da azahar cikin zafin Afrilu, mun taso daga Maigatari da lodi, kafin Gumel tayar baya ta dama ta yi bindiga. Allah ya taimaka ba gudu nake ba, ban taka birki ba, na riƙe sitiyari da hannu biyu na cire ƙafa daga totur har ta lafa na gangara gefe. Da muka ciro ta, fatar saman ta ɓare gaba ɗaya ta nannaɗe, wayoyin ciki sun fito sun yi tsatsa, gefenta kuwa duk ƙananan tsaga ne kamar silifas ɗin da ya shekara a rana.

Wani dattijo mai faci da ke bakin hanya shi ya juya ta ya nuna min wajen. Ya ce "ɗana, zo ka gani", ya sa babban yatsa ya goge ƙura a gefen tayar, inda aka rubuta DOT sai haruffa, a ƙarshe kuma lambobi huɗu cikin ɗan zagaye mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali in ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Tamu ta haura shekara goma. Na ce Baba ai zanenta da sauransa, ya ce roba ba da zane kawai take mutuwa ba, tsufa ma yana kashe ta ko da a ɗaki aka ajiye ta. 'Yan Road Safety a nan suna ɗaukar shekara 4 daga ranar da aka yi ta a matsayin wa'adi, su kuma kamfanonin irin Michelin suna cewa daga shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da tana da kyau a ido. Duk wanda ka ɗauka a ciki, yawancin 'yan kwatanon da ake jibgewa a kasuwa sun wuce ko suna dab. Kuma fa a dokance an hana shigo da tsofaffin tayoyi ƙasar nan, ta bayan fage suke shigowa.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura ba. Da yawa cikin 'yan kwatano tayoyin sanyi ne, na ƙanƙara, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, zanensu da 'yan ƙananan tsage-tsage masu yawa. Robarsu taushi gare ta don an yi ta ne saboda ƙasar da ruwa ke daskarewa. Ka ɗauko wannan ka ɗora a kwaltar Jigawa lokacin da zafi ya haura digiri 40, ai zalunci ne ga kanka da fasinja. Wasu kuma zanen da kake gani sassaƙa shi aka yi da wuƙa mai zafi bayan ya cinye, in ka duba cikin ramin za ka ga bai yi santsi ba, wani wajen har waya tana leƙowa.

Da na samu tawa motar sai na koma sababbin China, kuma a nan nake so a fahimce ni da kyau. Ba duk na China ne ɗaya ba. Akwai manyan kamfanoni da ke sayar da tayoyinsu a duniya, kana iya ganin sunan yau ka gan shi baɗi, dila yana da rasit, in ta ba da matsala da wuri kana da inda za ka koma. Irin waɗannan na ja su rani da damina lafiya lau, ban taɓa samun wadda ta fashe min haka kawai ba, illa dai sun fi saurin cinyewa kuma in ana ruwa dole in rage gudu in ba da tazara sosai. Akwai kuma waɗanda ba su da asali, sunan ma da ƙyar ake karanta shi, ka ɗaga ka ji ta sakayau, ka danna gefenta ya lotsa. Waɗannan ko kyauta aka ba ni ba na so. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama kwantenoni da aka cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a cikin guda, don a rage kuɗin dako, kuma wannan cusawar tana karya wayar bakin tayar tun kafin ta taɓa ƙasa. Shi ya sa in zan saya sai na tsayar da ita na zagaya bakin da hannu, in na ga ya lanƙwashe ko ya yi wani lauje na ajiye.

Abin da ya fi suna muhimmanci a wajena yanzu shi ne lambar kaya. A gefen taya za ka ga misali 195/65 R15 sai wata lamba da harafi, kamar 91H ko 95T. Lambar 91 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 615, 95 kuma kilo 690. Harafin na gudu ne, T kilomita 190 a awa, H 210, wannan bai dame mu ba don ba wanda ke wannan gudun da hankalinsa. Amma lambar kayan fa? Sharon mota ce mai nauyi, 95 take so, mai ƙarin ƙarfi, za ka ga an rubuta XL ko Reinforced. Tsakanin 91 da 95 kilo 75 ne a kowace ƙafa, ƙafa huɗu kilo 300 kenan, wato buhun gero uku manya. Mu da muke cika fasinja mu ɗora buhuna a but har a ɗaure ƙofa da igiya, sai mutum ya je ya sayi 91 don ta ɗan fi sauƙi, girman iri ɗaya ne ta shiga rim lafiya, in ta fashe a ce laifin China ne. Masu bas Hiace kuma tasu mai harafin C ce a ƙarshen lambar, kada wani ya lallaɓe ka da ta ƙaramar mota.

Sai maganar iska, wadda nake ta faɗa da abokan aikina a kai. Akwai al'adar da ta zauna mana wai in zafi ya zo a rage iska kada taya ta fashe. Wallahi akasin haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan ne ke haifar da zafi a cikinta har fatar ta rabu da waya. Adadin iskar da motarka ke so yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, akwai na mota wayam akwai na cikakken lodi, mu na lodin ne namu. A auna da safe kafin a hau hanya tana sanyi, in ka yi tafiya ta ɗau zafi geji zai nuna ta ƙaru, ka bar ta haka kada ka sace iskar. Ni na sayi ɗan gejina ina ajiye shi a mota, saboda na masu faci da yawa sun gaji, wani ma da sanda yake bugawa ya ce ta yi.

Zane kuma akwai iyakarsa, milimita 1.6, kuma ba sai ka nemo abin awo ba, a cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu ƙanana da aka yi musamman, ranar da saman taya ya zo daidai da su ta gama aiki. In ka ga gefe ɗaya ne ke cinyewa ɗayan yana nan, ba laifin tayar ba ne, alaimen ne ko ƙafar mota, ka gyara kafin ka saka sabuwa in ba haka ba ita ma haka za ta bi. Ramukan hanyoyinmu da burji suna sa taya ta yi ƙulu a gefe, wannan ƙulun yana nufin zaren ciki ya tsinke, ba ya facuwa, haka ma huji a gefe. Na ga masu saka tif a ciki su ci gaba da lodi da ita, raina yana ɓaci in na ga mata da yara a irin wannan motar.

In kuɗinka na guda biyu ne kawai, kamfanonin taya suna ba da shawarar a sa sababbin a baya. Na san direbobinmu ba sa yarda, kowa gaba yake kaiwa saboda sitiyari. Amma in gaba ta zame kana jin ta a hannunka kana iya gyarawa, in baya ce ta kwace motar juyawa take da kai gaba ɗaya, kuma a Sharon mai lodi nauyin a bayan yake. Ni haka nake yi, sababbi a baya, na bayan in suna da sauran lafiya su dawo gaba, kuma ba na haɗa iri biyu daban a layi ɗaya, ta hagu da ta dama dole su zama kamfani ɗaya girma ɗaya.