Darussan juyen baƙin mai a gida, daga ƙarƙashin Hilux

Juyen baƙin mai aikin minti arba'in ne, amma injin da yawa a nan suke samun matsalar da ke kai su gareji. Abin da aikin ya koyar shi ne, ɓarnar tana fitowa daga ƙananan abubuwa: wosha, roba, zaren noti, da hannun da ya cika ƙarfi. Mu ɗauki Toyota Hilux, tunda ita ce ta cika hanyoyinmu.

Kafin ka taɓa sifana, ka san injinka. Mai fetur, 2TR-FE mai lita 2.7, yana shan wajen lita 5.6 idan an canja filta. Na dizal 2KD-FTV yana kusan lita 7, sababbin 1GD da 2GD kuma wajen lita 7.5. Ke nan galan ɗaya mai lita 4 ba zai isa ko ɗayansu ba. Littafin motar shi ne alƙali a kan adadi da kauri. Al'adar nan ta zuba mai mai kauri, 20W-50, a kowace mota da sunan ƙasarmu da zafi, ban yarda da ita ba a kan 2TR-FE. Injin yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda ke aiki da matsin mai ta ƙananan hanyoyi, kuma mai mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. 5W-30 ko 10W-30 ya fi dacewa da shi. Tsohon dizal yana lafiya da 15W-40 na dizal, amma mai tace hayaƙi na DPF sai mai mai ƙarancin toka, in ba haka ba matatar za ta toshe.

Ka tayar da injin minti biyar, ka kashe. Mai ɗumi ya fi gudu, ya fi kwaso datti. Mai zafin doguwar tafiya kuwa sai ya saɓule maka fata. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya. Hilux tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba tare da ɗagawa ba. In har sai an ɗaga, kada a kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak yana sauka ba sallama.

Buɗe murfin zuba mai na sama, sa daro mai cin aƙalla lita 10, sannan ka nemi notin juye da soket lamba 14. Ka tabbata na kaskon injin ne. Akwatin giya ma yana da nasa notin a baya kaɗan, kuma an sha zubar da man giya a ƙara sabon mai a kan tsohon na injin, a tashi da asara biyu. Kwance notin na injin, bar man ya tsiyaye minti goma, kuma ka dubi abin da ya fito. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a dizal, inda sabon mai ke yin baƙi cikin kwana kaɗan. Abin tsoro shi ne ya fito kamar shayi da madara, alamar ruwa na shiga ta gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ƙasan daron.

Woshar notin ta amfani sau ɗaya ce, domin lotsewarta ce ke toshe yoyo. Wanda ya maida tsohuwa zai ga ɗiga, sai ya ƙara ɗaurewa, daga nan zare ya cinye. Ka fara murɗa notin da yatsu har ya zauna. In ya cije tun farko, ya hau a karkace, warware ka sake. Ɗaurinsa bai wuce Nm 35 zuwa 40 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wato matsi mai kyau da gajeriyar sifana, ba a ƙara mata bututu.

Filta ita ce wurin da ya fi cancantar natsuwa. Bayan ka cire tsohuwar, juya ta ka ga ko baƙar robar bakinta ta biyo ta. Wani lokaci tana manne a jikin injin, idan sabuwa ta hau kanta roba biyu ba sa riƙe matsi. Tana iya yin shiru a tsaye, sai an hau titi ta fashe, mai ya ƙare cikin minti kaɗan, injin ya buga. Goge mazaunin da tsumma mai tsabta, shafa sabon mai a robar sabuwar filtar, murɗa da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Sifanar filta ta cirewa ce. Filtar jabu kuwa, takardar cikinta kaɗan ce, bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa ba ya riƙewa, shi ya sa ake jin ƙara-ƙara da safe na daƙiƙa kaɗan. Haka man ma: duba hatimin murfi, ka saya a wurin da ka amince da shi.

Zuba da mazurari, ka rage rabin lita daga adadin. Tayar da injin ba tare da taka totur ba. Fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyar, in ta ƙi, kashe nan take. Leƙa ƙasa ka duba noti da filta, kashe injin, jira minti biyar, sannan ka auna da sandar awo ka cike har kusa da alamar sama. Wuce alamar ba alheri ba ne: karanshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan injin, zai riƙa kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta shafe ƙarfe, ga sil-sil, robobin da ke tare mai, su fara yoyo.

Motar da ke bin hanyar ƙauye, ɗaukar kaya da ƙurar hunturu, kilomita 5,000 ko wata shida ya ishe ta, kuma a duba filtar iska a ranar. Rubuta kilomita da kwanan wata a takarda ka manna a gefen ƙofa. Tsohon man a juye shi cikin galan ɗin da ya zama fanko, a kai wa masu saye a gareji. Kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kuma a wanke hannu da sabulu, domin yawan zamansa a fata yana cutarwa.