Abin da binciken cin hanci ya koya min a jami'a

Duk ɗalibin da ya zo min da niyyar rubuta digirinsa kan cin hanci da rashawa, nakan ce masa ya ɗan ajiye maganar ɗan sandan da ke karɓar na goro a bakin titi. Laifi ne shi ma, amma ɓarnar da ke durƙusar da ƙasa a ofis ake yin ta, da sa hannu da hatimi, in ka duba takarda ma sai ka ga komai daidai.

Shekarun da na yi a fannin nan sun koya min in bi naɗe-naɗe kafin in bi kuɗi. Wa aka ɗora a kan hukumar, wa aka kawar daga sashen ba da kwangila, me ya biyo baya. Afirka ta Kudu ce ta fi fito min da wannan fili, ƙasar da sai a 1994 kowa ya samu damar zaɓe, ga kotuna masu ƙarfi, amma a Disambar 2015 shugaban ƙasar na lokacin, Jacob Zuma, ya tuɓe ministan kuɗi Nhlanhla Nene ya kawo wani da ba a ma san shi ba, darajar kuɗinsu ta faɗi warwas, cikin kwana 4 dole aka sake canji. Kwamitin bincike na Mai shari'a Zondo da ya fara zama a 2018 ya nuna yadda aka cusa mutanen 'yan gidan Gupta, wasu attajirai na kusa da Zuma, a kamfanonin gwamnati na lantarki da sufuri, wato Eskom da Transnet, kwangiloli suka yi ta kwarara wajensu.

Sai maganar hujja. Ma'aunin Transparency International, ƙungiyar da ke jera ƙasashe kan cin hanci, yadda ake kallon ƙasa yake aunawa, ba abin da aka sace ba, kuma ɗalibai suna son shi don yana da sauƙin kwafa. Aikin gaske yana cikin rahoton odita janar, babban mai binciken kuɗin gwamnati, ɗaruruwan shafuka da ba mai karantawa. A Najeriya akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, ta ce a ba ka amsa cikin kwana 7, na rubuta wa wata ma'aikata na bi sawu har na gaji, kullum fayil yana teburin oga.

Waɗanda suka fi taimaka min wallahi ƙananan ma'aikata ne, akawu da masu ajiyar fayil, abin yana ci musu rai amma suna tsoron a yi musu canjin wurin aiki ko a riƙe musu ƙarin girma. Ko a littafin da nake rubutu ba na sa sunansu, kuma ɗalibin da ba zai iya riƙe wannan amanar ba ba na tura shi hira da kowa.