Ina mutum-mutumin Sardauna?

Jiya na kai ƙaramin ɗana Arewa House a titin Rabah, nan Kaduna, don malaminsu ya ba su aikin gida a kan Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa. Muna shiga harabar sai ya fara waige-waige, can ya ja rigata: "Baba, ina mutum-mutuminsa?" Wai ya gani a talabijin, wasu ƙasashe suna kafa na shugabanninsu a ƙofar majalisa.

Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya min a rai. Mu nan ba mu cika sassaƙa mutum ba, addini da al'ada ba su sakar mana wannan ba. Suna muke liƙa wa gini. Gidan gwamnati, Sir Kashim Ibrahim. Dandalin taro, Murtala. Filin wasa, Ahmadu Bello. Majalisar dokoki kuwa har gobe Lugard Hall muke ce mata, sunan Baturen da ya ci mu da yaƙi, kuma ba ma jin komai a baki idan mun faɗa.

Na ce masa, gidan nan da kake tsaye shi ne abin tunawar. A nan Firimiya ya zauna, a nan sojoji suka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, tare da matarsa Hafsatu. Yaron ya yi tsit. Ya daɗe gaban wani hoton Sardauna da rawani, har ya ɗora yatsa a gilashin, na janye hannunsa.

A Keke Napep muna komawa Unguwar Sarki ya sake tambayata wane ne Kashim Ibrahim. Wallahi sai da na ɗan yi inda-inda kafin na tuna shi ne Gwamnan Jihar Arewa.